Birkin da Muka Ɗauko Inna da Shi

Ana idar da sallar asuba muka bar ƙauyenmu da ke yamma da Hasahisa, gari bai gama wayewa ba. Mu uku ne a cikin boksina, tsohuwar a-kori-kurar nan mai kujeru gaba da baya da nake kai albasa da tumatir kasuwa. Ni ne a sitiyari, Baba a gefena, yayata kuma a baya ta baje da kulolin abinci kamar wadda za ta buɗe shago a hanya. Inda muka nufa shi ne wani ƙauyen Hausawa da ke gaba da Rusairis kaɗan, kuma abin da za mu yi guda ɗaya ne: mu ɗauko Inna, mahaifiyarmu, mu dawo da ita gida.

Waɗanda suka san gidanmu sun san yadda aka yi ta je can. Lokacin da rikici ya iso yankinmu, ƙanwarmu da mijinta suka yanke shawarar komawa wajen danginsa, muka matsa wa Inna ta bi su. Baba ya ce shi ba ya barin hawasharsa, wato gonar da yake nomawa a bakin tur'a, magudanar ban ruwa, tun kafin a haife mu. Haka suka rabu. Da abubuwa suka lafa, ciwon ƙafa ya kwantar da Inna. Da ta samu sauƙi, damina ta sauka, hanyar can kuwa in ruwa ya zuba babu mai shigarta da ƙaramar mota. Sai yanzu da kaka ta yi, ƙasa ta bushe, muka samu hali. An fi shekara Baba da Inna ba su ga juna ba.

Da farko ni da Yaya kaɗai za mu je. Ana gobe tafiya Baba ya ce zai bi mu, wai yana son ganin jikokinsa, ya kuma ji yadda ake sayar da riɗi a can. Amma da ya fito da asuba sai ga shi ya sha aski, ya naɗa sabon rawani, jallabiyarsa ta Idi tana ƙamshin sandal. Yaya ta dube shi ta dube ni, ta ce, "Lallai riɗin Rusairis ya samu manyan baƙi." Baba ya yi kamar bai ji ba, ya ce in yi bisimilla in ja mota.

Daga ƙauye zuwa bakin kwalta muka bi gefen tur'a. Ruwan ya ragu, tsuntsaye farare sun jeru a bakinsa, dawa ta nuna a wasu gonakin, wasu kuma ciyawa ce ta cinye su don masu su ba su dawo ba tukuna. A ƙauyukan da muka ratsa za ka ga gida babu ƙofa, na kusa da shi kuma an yi masa sabon yaɓe, mata suna shara a tsakar gida. Baba ya san kusan kowace gona da mai ita. Yana nunawa da sandarsa ta taga yana cewa wannan ya dawo, wannan yana Gadarif, wannan Allah ya jiƙansa.

A Wad Madani muka karya kumallo. Mun samu wata mai shayi a ƙarƙashin bishiyar maina, kusa da ita mai wake yana kwasar ful daga tukunyarsa mai dogon wuya. Aka zuba mana da man riɗi da albasa da ɗan cuku, muka haɗa da burodi mai zafi. Komai ya yi tsada, burodin ma ya ƙanƙance, Yaya ta ɗaga guda ta ce in aka ci gaba a haka sai an riƙa haɗiyarsa da ruwa kamar ƙwayar magani. Amma gari ya fara dawowa cikin hayyacinsa, rakshoshi, kekunan haya masu ƙafa uku, suna ta kai da kawowa, shaguna da yawa sun buɗe. Baba bai gama shayinsa ba ya miƙe. Mutumin da a gida yakan yi rabin safiya a kan kofi guda.

Bayan mun bar Madani ne na fara jin sautin. Duk lokacin da na taka birki sai wani siririn fito ya taso daga ƙafar gaba. Hanyar kuma ba ta barin mutum ya huta da takawa, ga tudun rage gudu a kowane ƙauye, ga shingayen bincike, ga ramuka. Na ce a raina ƙura ce ta shiga, za ta fita. Muka wuce Sinnar, muka hango ruwa ya taru fal a bayan madatsa, masu kifi suna ɗaga shi a bakin titi suna kiran farashi. A Mai Wurno Yaya ta sa muka tsaya don agashe da godogodo, furar da ake damawa a can. Wanda bai taɓa tsayawa a garin nan ba ya yi asara. Hausa kake ji ta ko'ina, tsofaffi suna gaisawa irin gaisuwar da ba ta ƙarewa, naman kuma ya ji ƙuli da yaji yadda ya kamata. Wani dattijo ya riƙe hannun Baba yana tambayarsa mutanen yankinmu na Jazira, Baba yana amsawa amma idonsa na kan mota.

Muna gab da Sinja fiton ya koma gurnani. A wata gangara wani amalanken jaki ya shigo titi da lodin ayaba, na taka birki da ƙarfi, sai na ji ƙarfe yana cin ƙarfe, motar ta ja gefen hagu kafin ta tsaya. Ba mu taɓa kowa ba, mai amalanken ma bai waiwayo ba. Yaya ta yi salati a hankali. Baba ya ce, "Mi ya samu motar?" Na ce masa takalman birki ne, waɗanda mu a nan muke ce wa lugam, da alama sun cinye. Ya ce, "To a sake mata wasu mu wuce." A ganinsa abin bai wuce sauya silifas ba.

A hankali na lallaɓa muka shiga unguwar makanikai ta Sinja, rana ta take, ana shirin kiran azahar. Aka nuna mana wani usta, wato babban makaniki, mai furfura a gemu. Na fara yi masa bayani da Larabci, da ya ji Baba yana magana da Yaya sai ya juya harshe, ashe Bahaushe ne ɗan Mai Wurno. Ya shimfiɗa wa Baba tabarma a inuwar rumfarsa, sannan ya ɗaga motar ya cire ƙafar hagu. Da ya zaro lugam ɗin ya miƙo mini, sai na ga abin da ya rage a jikinsa bai kai kaurin kisra, siririyar wainar dawan nan, ba, gefe guda ma ƙarfen ya fito fili yana sheƙi. Faifan ƙarfen da yake kamawa ya fara yin zane. Usta ya shafa shi da yatsa ya ce Allah ya taimake mu, bai yi zurfi ba, ana iya gyara shi. Ya ce kuma na dama da na hagu tare ake sauyawa, in ba haka ba motar za ta riƙa ja gefe guda.

Bayan sallah muka ɗauki tsohon a leda, ni da Usta, muka nufi shagon masu kayan gyara, don a gwada da shi a tabbatar siffa da kunnuwan sun zo daidai. Mai shagon wani Balarabe ne mai sanyin magana. Ya duba, ya shiga ciki, ya fito ya jera mana abin da yake da shi a kan kanta. Na farko sabo ne a kwali mai kyalli, irin wanda ake kira tijari, mai araha. Na ce ai kwalin ya rubuta asli ne, wato na ainihi. Ya yi murmushi ya ce kwalin ne ya faɗa, shi bai faɗa ba. Usta ya juya shi ya nuna mini inda aka manna fatar birkin da ƙarfen, akwai 'yar tsaga a baki, fuskar kuma tauri gare ta kamar dutsen niƙa. Irin wannan, in ji shi, yana daɗewa, amma yana cin faifai, kuma in ya yi zafi a doguwar gangara sai ya riƙa santsi. Na biyu asli ne na gaske amma na hannu, an ciro shi daga wata motar da ta yi hatsari, ya ci rabi, kuma babu wanda ya san irin zafin da ya sha a baya. Na uku shi ne sabo mai kyau, wanda ya dace da mota mai ɗaukar kaya a hanya irin tamu. Kuɗinsa ya ninka na farkon har da ɗoriya. Matsalar ita ce babu shi a shagon. Yana wurin ɗan'uwansa a Sinnar, sai dai a sako shi a motar haya ta farko da safe.

Na tsaya ina lissafi. In muka sa tijari yanzu, kafin la'asar mun kama hanya, mu kwana kusa ko ma mu isa. Yaya ta riga ta yi waya da ƙanwarmu, ta ce Inna tun safe take zaune a ƙofar gida, ta sa an yanka kaza. Ga Baba da tun Madani yake tambayata ko mun yi rabi. Na tambayi Usta ko na arahar zai kai mu. Ya ce, "Zai kai ku in sha Allahu, mutane da yawa shi suke sawa. Sai dai hanyar Damazin ka san ta, ramuka da dabbobi, kuma ka ce akwai kwari kafin ƙauyen. Motarka ce, kai za ka zaɓa." Na kusa cewa a naɗe mini shi, in na dawo gida na sauya.

Sai ga Baba ya shigo shagon yana dogara sandarsa, ya gaji da jira. Na yi masa bayani a taƙaice, na fi nanata cewa da wannan za mu tafi yanzu, wancan kuwa sai mun kwana. Na ɗauka na san amsarsa. Ya karɓi sabon ya jujjuya, ya karɓi na hannun ya jujjuya, ya ajiye su. Ya ce shi bai san komai a nan ba, duka ƙarfe ne a idonsa. Sannan ya dubi mai shagon ya tambaye shi da Larabcinsa na tsofaffi, "In uwar 'ya'yanka za ka ɗauko, wanne za ka sa?"

Mai shagon ya yi dariya, sannan ya ga ba wasa ake yi ba. Ya ce, "Wallahi ya Hajj, da na jira na gobe."

Baba ya ce, "To mu ma mun jira."

Da muka fito na ce masa, "Baba, tun safe kai kake gaggawa. Inna tana can tana jira."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Randa ta tafi, a bayan lori ta tafi, a tsaye, ta riƙe ƙarfe da hannu guda. Ina kallo har suka ɓace. Sai da aka yi makonni kafin in ji ko ta sauka lafiya. Wanga karo ni zan ɗauko ta, kuma ina so in san abin da na ɗora ta a kai." Ya gyara rawaninsa ya ƙara da cewa, "Ka biya mai tsadar. In bai isa ba ka yi mini magana."

Na koma na tura wa mai shagon kuɗinsa ta waya, ya kira Sinnar a gabana.

Saura sanar da Inna. Yaya ta kira, ta yi bayani, sannan ta miƙa wa Baba wayar. Ya noƙe, ya ce ai ta riga ta faɗa. Yaya ta ƙi janye hannunta har ya karɓa, ya riƙe ta nesa da kunne yadda ya saba, don haka duk muna jin muryar Inna. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam, mi ya tsai da ku?" Ya ce takalmin mota ake jira. Ta ce, "Yau na ji sabon abu, mota ma sai an saya mata takalmi." Ya ce ta ajiye masa rabonsa na kazar, ɗumame ya fi daɗi. Ta ce, "Wa ya ce da kai na yanka? Ta yara ce." Baba ya miƙa wayar yana ƙoƙarin haɗe fuska, amma bakinsa ya ƙi.

Usta ya hana mu neman masauki. Ya kai mu gidansa da ke kusa da kogi, iyalinsa suka ja Yaya ciki, mu kuma aka fito mana da gadajen igiya a tsakar gida. Kafin magariba na taka zuwa bakin ruwa. Sinja gari ne mai lambuna, mangwaro da ayaba da gwaiba sun yi layi har inda ido ya tsaya, injinan ban ruwa suna ta bugawa, kwalekwale suna dawowa da masu aikin ƙetare. Da na dawo na tarar an kawo asida da miyar kuɓewa busasshiya, Baba da Usta sun yi nisa a hira. Baba yana ba shi labarin yadda aka kawo masa Inna tana amarya daga wani ƙauye na gefen Sinnar, motar ta maƙale a laka, 'yan rakiya suka sauka suna turawa, ita kuma ta ƙi sauka wai kada lallenta ya ɓaci. Ban taɓa jin wannan labarin ba. A gida Baba ba ya kiran sunanta, balle ya ba da labarinta. Na zauna can gefe ina cin abinci kamar hankalina ba ya wurin, don na san in ya lura ina saurare zai yi shiru.

Hantsi bai yi ba kayan suka iso. Kwalin ba shi da wani ado, amma da Usta ya ɗora sabon a kan tsohon sai suka zauna daidai, kunne da kunne, ga 'yan ƙarafunan da ke riƙe shi a ciki. Ya nuna mini kaurin fatar da yadda bakinta ya manne ba tsaga. An riga an kai faifan wurin masu injin gogewa da sassafe an share zanen. Ya wanke wurin, ya shafa mai a sandunan da ke zamewa, ya ɗaura na hagu, ya ɗaura na dama, ya leƙa na baya ya ce waɗannan da sauransu, ya duba man birki. Duk wannan aikin Baba yana zaune a kan wata tsohuwar taya yana kallo, bai ɗauke ido ba, kamar mai gadin haihuwar saniya. Da aka gama Usta ya sa na tattaka birkin motar tana tsaye har ya yi tauri. Ya ce in bi shi a hankali da farko, in riƙa taka shi sannu sannu har ya saba da faifan, kada in gwada ƙarfinsa sai dole. Muka zagaya unguwar tare. Shiru kake ji.

Hanyar Sinja zuwa Damazin ba ta canza hali ba. Wani wurin kwalta ce, wani wurin tarihin kwalta. Direbobi sun yi wa kansu wata hanya a gefe, kowa yana bin sawun na gabansa. Amma ƙasar tana da kyau a wannan lokacin. Baƙar ƙasa ce mai tsagewa, an yanke riɗi an jingina shi dami dami yana bushewa, 'yan ƙwadago da yawansu Hausawa ne suna hutawa a inuwar tarakta. Kukoki suka fara bayyana, manya manya, wasu mutum biyar ba sa zagaye su. Garken shanu da raƙuma suna ƙetare titi ba tare da neman izinin kowa ba. A Wad an-Nayyal muka sha jabana, gahawa mai citta, muka sayi 'ya'yan kuka da tsamiya, waɗanda a nan sun fi araha nesa ba kusa ba. Baba ya tambayi kuɗin riɗi sau ɗaya, don dai a shaida ya tambaya.

Da la'asar muka shiga Damazin, muka ƙetare kogi zuwa Rusairis. Garin yana kan tudu, iska tana kaɗawa daga tafkin madatsa, ƙananan motocin haya sun cika tasha. Daga nan muka bar kwalta muka bi turɓaya. Kwarin da ake faɗa yana nan, gangara ce mai tsayi da duwatsu, a ƙasanta yashi da ɗan ruwan da ya rage. Na sa giya ta ɗaya, na ɗora ƙafa a birki, motar ta sauka taki taki kamar tsohuwa mai saukowa daga gado. Baba ya riƙe ƙofa, da muka haye ya sake ta ya ce alhamdu lillahi.

Inna tana zaune a kan kujera 'yar tsugune a ƙofar gida. Ta rame, ta yi fari, ga sanda a gefenta. Yaya ce ta fara isa, suka rungume juna suna kuka, ƙanwarmu ta fito da goyo ita ma ta shiga ciki. Na durƙusa na gaishe ta, ta riƙe kaina da hannu biyu tana sa albarka. Baba kuwa ya tsaya wajen mota yana gaisawa da surukai, yana tambayar damina da amfanin gona, kamar su ya zo gani. Sai da kowa ya gama sannan ya matso. Suka gaisa irin gaisuwar maƙwabta. Ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Malam, ka lalace. Ba a ba ka abinci?" Ya ce ana ba shi, sai dai ba a iya ba. Yaya, wadda ita ke dafa masa, ta ce ta gode. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da lemun tsami guda uku, sun ɗan yanƙwane saboda kwanan hanya, ya ce na bishiyarta ne ta tsakar gida, ta yi 'ya'ya bana. Inna ta karɓa ta sansana, ta ja mayafinta ta rufe fuska. Muka ba su wuri.

Kwana biyu muka yi. Mutanen ƙauyen sun riƙe Inna kamar uwarsu, har wasu matan suka yi fushi da mu wai mun zo raba su. Mun ci kifin tafki har ya ishe mu. Ranar komawa aka ɗora mana buhun riɗi, da gawayi, da kaji a kwando, da wata akuya da Inna ta raina tun tana 'yar ƙarama ta ce ba ta barin ta. Motar ta yi nauyi sosai. Da za mu shiga, Baba ya ce wa Yaya ta koma gaba, wai kujerar gaba tana sa masa ciwon baya.

Bayan mun wuce Wad an-Nayyal, a wata kwana, garken shanu ya fito daga cikin dawa ya cika titi. Ba gudu nake yi sosai ba, amma ga nauyi, ga tazarar ba ta da yawa. Na taka birki har ƙasa. Motar ta tsaya a miƙe, ba ja, ba ƙara, akuya ce kawai ta yi ƙorafi daga baya. Wani bijimi ya wuce ta gaban fitila yana kallonmu. Na ɗaga ido na duba madubi. Inna tana barci, kanta a kafaɗar Baba, ya tare ta da hannu guda don kada ta zame, fuskarsa kuma tana waje yana kallon shanu kamar bai san da kowa a kusa da shi ba. Ba ta ko motsa ba. Yaya ta gani ita ma, ta juya ta kalli gaba, muka jira har garken ya wuce.

A Sinja muka tsaya gaida Usta. Inna ta sa aka ɗebar masa riɗi, ta kuma ce sai an nuna mata takalmin da ya hana ta ganin baƙinta kwana guda. Usta ya tono tsohon daga cikin tarkace ya miƙa mata. Ta jujjuya shi ta ce, "Wannan ɗan abin?" Ta mayar masa ta yi masa addu'a mai tsawo, shi da iyalinsa.

Rana tana faɗuwa muka shiga ƙauyenmu. Kafin in kashe mota maƙwabta sun cika ƙofar gida, mata suna guɗa, aka riƙo Inna aka shiga da ita.

Ga masu mota, abin da na koyo a wannan tafiyar kaɗan ne amma ya ishe ni. In birki ya fara fito, yana gaya maka ne ya kusa ƙarewa, ka tsaya a garin farko. Ka tafi shago da tsohon a hannunka. Kada ka yarda da rubutun kwali, ka duba mannin da kaurin, ka sauya ƙafa biyu tare, ka sa a duba faifan. Ka kuma yi la'akari da nauyin da kake ɗauka da hanyar da za ka bi, don abin da ya ishi mai yawo cikin gari ba lallai ya ishi mai sauka kwari da lodi ba. Sauran abin da na koyo ba na mota ba ne. Na girma ina ɗauka iyayena zaman haƙuri da sabo kawai suke yi, don ban taɓa jin ɗaya ya faɗa wa ɗaya magana mai taushi ba. A shagon kayan gyara na gane ba haka ba ne.

Washegari da safe na je gaishe su. Tun daga zaure na jiyo muryar Inna. Ta tarar Baba ya zuba irin dawa a babbar tukunyarta ta biki, ya kuma bar kaji sun yi ƙwai a madafa. Tana ta faɗa, ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana cewa, "To. To. Haka ne." Na leƙa ta gefen labule. Yana zaune a bakin gado da kofin shayi a hannu, ya miƙe ƙafa, yana sha a hankali. Ban shiga ba. Na koma zaure na zauna har ta gama, sannan na yi sallama.